Kare wanda ake tuhuma da dukan matarsa: amsa ga ƙaramar lauya

'Yata, tambayarki biyu ce, ko da yake kin haɗe su wuri guda. An miƙa miki fayil ɗin wani magidanci da ake tuhuma da dukan matarsa, kin ga hotunan fuskarta, ranki ya ƙi aikin, kina tambaya ko ya dace lauya mai mutunci ya tsaya wa irin wannan mutum. Sannan shi da danginsa sun matsa miki lamba ki nemi matar, ki lallashe ta ta janye ƙara, wai hakan ya fi sauƙi ga kowa. Amsar ta farko, e, ki tsaya masa. Amsar ta biyu, a'a, kada ki kuskura ki kusance ta. A kan ta biyun zan fi daɗewa, domin a nan lauyoyi da yawa suke ɓata shari'arsu, su ɓata sunansu, wani lokaci ma su jefa rai cikin haɗari.

Sosuwar da ranki ya yi ba rauni ba ce, kada kowa ya ce miki sai kin kashe ta kafin ki iya aikin. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, kusan kashi 27 cikin 100 na matan da ke tsakanin shekara 15 zuwa 49, waɗanda suka taɓa zama da namiji, sun sha duka ko cin zarafi na jima'i a hannun abokin zamansu. Wanda ya san wannan ba zai buɗe fayil yana ɗaukar cewa matar ƙarya take yi ba. Sai dai kotu ba ƙiyasi take yi wa shari'a ba. Mutum ɗaya ne a gabanta, da tuhuma ɗaya, a kan abin da ya faru a ɗaki ɗaya, kuma galibi babu wanda ya gani sai su biyun, ko yaran da bai kamata a ce sun gani ba. Sashe na 11 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar a shari'ar da aka ba shi damar kare kansa. Ƙa'idojin aikin lauya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a birnin Havana a 1990 kuma sun ce ba a haɗa lauya da wanda yake karewa, ko da abin da ake zarginsa da shi. Tsayawarki a gefensa ba ta nufin kin yarda da duka.

Ɗalibai da yawa sun haddace shari'ar Woolmington ta 1935, amma sun manta da abin da ke cikinta. Mutumin matarsa ce ta bar shi ta koma gidan uwarta, ya bi ta da bindiga, ta mutu, ya ce kuskure ne. Alƙalin farko ya ce tun da an tabbatar shi ya kashe ta, sai shi ya kawo hujjar cewa kuskuren ne. Babbar kotun Ingila ta wancan zamani ta soke hukuncin, ta ce nauyin tabbatar da laifi yana wuyan mai gabatar da ƙara daga farko har ƙarshe. Kin ga ke nan ƙa'idar da muke tinƙaho da ita a kan gawar matar aure aka kafa ta. Labarin ba shi da daɗin ji, kuma ba na so ki ji daɗinsa. Amma ranar da aka ce a sassauta ƙa'idar don laifin ya yi muni, wanda aka yi wa ƙazafi shi zai fara shan wahalar, kuma a cikin waɗanda ake kamawa akwai matan da suka ɗaga hannu don tare bugu.

To, mu zo kan matar. A irin wannan shari'a, kwanakin farko sun fi ranar yanke hukunci muhimmanci. Da zarar an ba da beli, ki zaunar da mutumin ki karanta masa sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ki sa ya maimaita da bakinsa. Idan an ce kada ya tuntuɓe ta, to ba kira, ba saƙon waya, ba aike ta bakin yayarsa ko abokinsa, ba sa yara su isar da magana, ba tsayawa a bakin titin da take bi. Zai ce miki, "Ai ita ta kira ni." Ki gaya masa umarnin kotu shi ya ɗaure, bai ɗaure ta ba. Idan ta kira, kada ya ɗauka, ya sanar da ke. Mutane da yawa da hujjar da ke kansu ba ta da ƙarfi sun koma gidan yari saboda saƙo ɗaya na "ki yi haƙuri", domin a wurare da yawa karya umarnin kotu laifi ne mai zaman kansa, kuma tabbatar da shi ba ya wuya: ga wayar, ga lokacin, ga lambar. Ban da haka, wannan ban haƙurin mai gabatar da ƙara zai karanta shi a kotu a matsayin amsa laifi.

Ke ma haka. Idan kika aika mata, ko kika zauna a taron da dangi suka shirya don ta janye, kin shiga gonar da ba taki ba. A kusan kowace ƙasa, matsa wa shaida ya canza magana ko ya ƙi zuwa kotu laifi ne, kuma lauya kan rasa lasisinsa a kansa. Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne, masu aiki da matan da ake duka sun daɗe da sanin cewa lokacin rabuwa da lokacin kai ƙara su ne mafi haɗari ga mace. Ba ki san abin da ke bayan "na yafe" ɗin ba. Wataƙila yafiyar gaskiya ce, wataƙila tsoro ne, ko rashin abin ciyar da yara, ko barazanar da ba za ta taɓa faɗa miki ba. Ba ki da hanyar rarrabewa, don haka kada bakinki ya shiga.

Kuma ki fahimtar da dangin cewa janyewar ba lallai ta kashe shari'ar ba. Ƙarar laifi ta hukuma ce, ba ta matar ba. A ƙasashe da dama masu gabatar da ƙara sun koyi ci gaba ko mai ƙorafi ba ta zo ba: da muryar kiran gaggawa da aka naɗa, da hoton kyamarar da ɗan sanda ke rataye da ita, da rahoton likita, da shaidar maƙwabta. A 2006 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Davis, ta yarda a saurari kiran gaggawar da wata mata ta yi tana cikin haɗari duk da ba ta zo kotu ba. Amma a wannan hukuncin dai, ta ƙi karɓar bayanin da wata matar ta yi wa 'yan sanda bayan ƙura ta lafa, domin wanda ake tuhuma bai samu damar yi mata tambayoyi ba. A irin wannan tsakani aikinki yake: wace magana ce doka ta yarda ta shigo, wace ce ba ta yarda ba. Idan kuwa matar ce da kanta ta zo ofishinki, ki gaya mata a fili ke lauyar mijinta ce, ba za ki iya ba ta shawara ba, ta je wurin mai gabatar da ƙara ko ta nemi lauyanta. Ki rubuta ranar da abin da aka faɗa, ki ajiye a fayil.

Sauran aikin na hujja ne, kuma yana son haƙuri. Ki hana shi goge komai a wayarsa, ko da abin da zai ba shi kunya ne, domin gogewa kan zama hujja a kansa. Ki jera lokuta: yaushe aka kira 'yan sanda, yaushe suka iso, yaushe aka je asibiti, yaushe aka ɗauki hotunan, wa ya ɗauka. Ki ɗora bayaninta na farko kusa da na biyu, ki duba ko sun saɓa a kan ginshiƙin magana, wato wa ya fara, da me aka buga, a ina. Saɓani a kan ƙarfe nawa ne ko wace riga aka sa ba ya ɗaga komai, mutumin da ke cikin firgici ba agogo yake kallo ba, kuma alƙalin da ya san aikinsa zai ga kina ɓata masa lokaci.

Rahoton likita ki karanta shi da idon mai neman gaskiya, domin yakan yanki kowane ɓangare. Likitocin bincike sun yarda cewa ba a iya ƙayyade kwanakin tabon duka da tabbaci daga launinsa kawai, don haka idan wani ya rantse cewa tabon na daren nan ne saboda kalarsa, kina da damar ƙure shi. Amma kada ki miƙe ki ce babu tabo a wuya, saboda haka ba a shaƙe ta ba. Shaƙa sau da yawa ba ta barin alama a waje, sai dashewar murya, wahalar haɗiya, da ɗigon ja a ido. Haɗarinta ne ya sa Ingila ta mai da ita laifi na musamman a dokarta ta 2021. Haka nan idan mutuminki ya nuna miki yakushi a fuska da hannu yana cewa ga shaidar ita ta far masa, ki dakata. Yana iya zama gaskiya. Yana kuma iya zama farcen mai neman numfashi. Ki dubi inda raunin kowa yake: rauni a bayan damtse da tafin hannu yakan nuna mai tarewa ne. Gara ki gano wannan a ofis da a gano miki shi a gaban alƙali.

Ranar yi mata tambayoyi, ki tambayi abin da kike da tushe a kansa, da murya a ƙasa, ki zauna. Kada ki ce me ya sa ba ta kai ƙara da wuri ba ko me ya sa ta koma gidan, kamar hakan shi ne hujjar ƙarya. Jinkiri da komawa abu ne da aka saba gani ga waɗanda aka daka da gaske. Kada ki tono rayuwarta don mutuminki ya huce. Zai so hakan, zai ma rubuto miki tambayoyin, ki ƙi.

Akwai kuma ranar da zai rufe ƙofa ya ce miki, "Na yi." Sirrinsa yana nan a hannunki. Kina iya ci gaba da cewa hukuma ta tabbatar da tuhumarta, kina iya ƙalubalantar hujjar da aka samo ba bisa ƙa'ida ba. Amma daga ranar ba za ki ce wa kotu bai yi ba, ba za ki sa shi ya rantse a kan ƙarya ba, ba za ki kira matar maƙaryaciya ba. Idan ya dage sai an yi haka, ki ajiye fayil ɗin. Sau da yawa mafi alherin abin da za ki yi masa shi ne ki gaya masa hujjar ta yi nauyi, ya amsa laifi da wuri, ya shiga shirin gyaran hali da gaske, ya bar giya ko ƙwaya idan suna ciki, ki roƙa masa sassauci da abin da ya aikata na gyara. Kafin ya amsa dai, ki bayyana masa duk abin da zai biyo baya, don wani lokaci wutsiyar ta fi hukuncin tsawo: riƙon yara, aikinsa, takardar zama idan baƙo ne. A Amurka, tun 1996, ko ƙaramin laifin dukan iyali aka kama mutum da shi, an haramta masa riƙe bindiga, abin da kan raba ɗan sanda ko soja da aikinsa.

Ki kuma shirya wa ranar da wadda ake tuhumar mace ce. Kiranjit Ahluwalia ta sha shekaru tana shan azaba a hannun mijinta a Ingila, ta cinna masa wuta a 1989, aka yanke mata ɗaurin rai da rai, sai a 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin saboda akwai hujjar halin da ƙwaƙwalwarta ke ciki da ba a gabatar ba a shari'ar farko. Irin waɗannan matan ba sa faɗar tarihinsu a zama ɗaya, kunya da tsoro sukan ɗaure musu baki. Sai lauya ya nemo tsofaffin katunan asibiti, da ƙorafe-ƙorafen da aka kai wa 'yan sanda a baya, da mutanen da ta taɓa fakewa a wurinsu. Namiji ma yakan zama wanda ake duka, kuma shi ya fi jin nauyin faɗa.

Game da fayil ɗin da ke gabanki, gobe ki kira mutumin shi kaɗai, ban da dangi, domin abin da aka faɗa a gaban wani na iya fita daga sirrin lauya. Ki gaya masa ba za ki nemi matar ba, kuma duk wanda ya neme ta da sunansa, shi zai ɗauki alhakin. Ki gaya masa tun yanzu cewa sirrin yana da iyaka: idan ya furta a gabanki cewa zai cutar da ita, ƙa'idojin aikinmu a wurare da yawa sun ba ki damar sanar da hukuma, ki duba abin da naku suka ce kafin ya shigo. Sannan ki rubuta wa mai gabatar da ƙara ki nemi duk abin da ke hannunsa, har da muryar kiran farko da asalin hotunan masu ɗauke da kwanan wata. Idan sun iso, ki kawo mu duba tare.