Tambayoyinku: Tafiya arewacin Gana da motar da ake kwana a ciki, yawon daji da kallon tsuntsaye

Tambaya daga wani magidanci a Aboabo, Kumasi: Na sayi tsohuwar Sprinter, na cire kujerun baya na shimfiɗa katifa. Ina so in kai iyali gandun dajin Mole a hutun Disamba. Da na gwada kwana ɗaya da ƙaramin firij a ciki, gari na wayewa mota ta ƙi tashi. Ina gyaran yake?

Alhaji, firij ɗin ne ya shanye batirin tada mota, kuma haka zai riƙa yi muddin a jikinsa ka jona shi. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, ba don a yi ta tsotsarsa har asuba ba. Ka je Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, wajen mai gyaran wayar mota ya sa maka batir na biyu, irin wanda ake haɗawa da sola. A tsakaninsu a sa rile, yadda injin zai caja duka biyun idan kuna tafiya, da an kashe mota kuma su rabu. Kada ka yarda a bar waya babu fis, kuma fis ɗin ya kasance kusa da kan batir, bai wuce taƙin hannu ɗaya ba. Wayar da ta goge a jikin ƙarfe ba tare da fis ba ita ce ke cinna wa mota wuta.

Ga lissafin. Firij mai kwamfuresa na lita 40 yana cin wajen 30 zuwa 45Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) a yini idan ana zafi. Batirin dalma mai 100Ah rabinsa kawai ake sha, in ka saba ƙarar da shi ƙaf ba zai daɗe ba. Ka ga ke nan kwana ɗaya zai ɗauke ka. Faranti na sola mai wat 150 zuwa 200 tare da kwantirolarsa zai cike gurbin, amma Disamba lokacin hunturu ne, ƙura na kwanciya a kan farantin kamar an barbaɗa gari. A goge shi da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya. Wannan ƙurar ce kuma ke toshe matatar iskar injin, don haka ka riƙe sabuwa a ajiye.

Hanyar zuwa Mole: Techiman, Kintampo, Buipe, sai mararrabar Fufulso inda za ka karkata yamma zuwa Damongo da Larabanga. Ka cika tanki a Damongo. Abu biyu kuma muna roƙonka da su saboda yaran nan. Kada a shigar da kurfoti ko risho mai ci cikin mota don jin ɗumi, hayaƙin gawayi ba ya da wari kuma yana kisa cikin barci. Kada kuma ka tsaya a kan busasshiyar ciyawa da salansa mai zafi.

Tambaya daga wani ɗalibi a Sabon Zango: Ina ganin bidiyon masu yawon ƙafa a hamadar Amurka. A ina zan yi irinsa a nan, kuma ruwa nawa zan ɗauka?

Ɗan'uwa, Gana ba ta da hamada. Amma dajin arewa da rani, misali duwatsun Tongo kusa da Bolgatanga, yana da irin haɗarin: rana, busasshiyar iska, da ƙarancin inuwa. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, saboda haka Nuwamba zuwa Janairu ya fi. A Mole ba a shiga daji da ƙafa sai da ma'aikacin gandu mai bindiga, akwai giwaye da ɓauna.

Ka tashi bayan sallar asuba, ka dawo kafin ƙarfe goma. Ruwa rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa ta tafiya, wato leda ɗaya zuwa biyu na fiya wata. Idan ka sha rabin abin da ka ɗauko, juya, ko da ba ka kai inda ka nufa ba. Iskar hunturu na busar da gumi tun bai tsatso sosai ba, sai mutum ya zaci jikinsa ba ya zubar da ruwa. Fitsarinka ne zai gaya maka gaskiya: in ya yi ja kuma ya ragu, kana baya. Ruwa zalla bai isa ba idan tafiyar ta yi tsawo, ka haɗa na gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a nufi asibiti ba jira. Da azumi a bakinka kada ka gwada wannan tafiya.

Sa takalmi rufaffe da dogon wando saboda kububuwa, ka kakkaɓe takalmin da safe saboda kunama. Tufafi masu ruwan ƙasa sun fi, ƙudan tsando na bin shuɗi da baƙi.

Tambaya daga wata Hajiya a Asawase: Ni ba na iya doguwar tafiya. Yaya zan ga tsuntsaye ina zaune, a gida ko a inda muka yada zango?

Hajiya, da rani ruwa ya fi hatsi jan tsuntsu. Ki sami faffaɗan kasko, ki zuba ruwan da bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba, ki sa dutse a tsakiya don ƙanana su sami wurin tsayawa. Ki ajiye shi a inuwa, taku uku ko huɗu daga bishiya: kusa yadda za su tsere in shirwa ta kawo sura, da ɗan nisa yadda kyanwa ba za ta laɓe ba. A sauya ruwan kullum, domin sauro kan ƙyanƙyashe a kwantaccen ruwa cikin mako guda. Tafin hannu ɗaya na gero ya isa. Tuwo, burodi da abin da aka sa wa gishiri ba nasu ba ne.

Kurciya ce kan fara sauka, ta tsoma baki ta zuƙa ba tare da ɗaga kai ba, saɓanin yawancin tsuntsaye da sai sun ɗaga baki sama kafin su haɗiye. A arewa za ki ƙara da hasbiya, cilakowa da zabin daji, in an yi sa'a a Mole har da burtu yana takawa cikin ciyawa. Motar ma kanta maɓoya ce, tsuntsu ya fi sakewa da mota a tsaye fiye da mutum a tsaye. Ki sauke gilashi ki zauna shiru, awa biyu na farko bayan fitowar rana. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar, wanda ya fi shi ƙarfi rawa yake a hannu.

A cikin gandu kuwa kada ki zuba hatsi ko ki bar abinci a fili, birai sun saba da mutane, suna shiga mota ta taga. Kafin tafiyar, ki fara gwada idonki a Owabi, nan bayan garin Kumasi, inda dam da kurmi ke tara tsuntsayen ruwa da na daji wuri ɗaya.