Bawul ɗin juyen baƙin mai: ya dace da motar da ke shiga kasuwannin ƙauye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Hilux mai shan gazuwal da kuma kamiyo ɗaya da nake ɗauko aya da wake da shi daga kasuwannin ƙauye zuwa Maradi. Ni da yarona muke yin juyen mai a gida. Sau biyu ke nan haƙorin bushon Hilux ɗin, wato notin da ke toshe ramin juyen mai, yana cinyewa, har yanzu ma yana ɗan ɗiga. Wani ɗan'uwana ya ce akwai wani bawul da ake ɗaurawa a madadin busho, sai dai a murɗa hannunsa mai ya zubo, ba sai an nemi sufana ba. Gaskiya ne? In sa wa motocin duka biyu? Tsorona kada ya buɗe da kansa a kan hanya. Daga wani mai karatu a unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ɗan'uwanka ya faɗa maka gaskiya, abin yana nan kuma yana aiki. Amma ba zan ce ka sa wa motocin biyu kai tsaye ba sai ka shiga ƙarƙashin kowace ka duba inda bushonta yake kallo, domin a hanyoyinmu wannan ne ke yanke hukunci, ba ingancin bawul ɗin ba.

Bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Wannan ɗigar da kake gani, bawul ba zai tsayar da ita ba. Shi ma a cikin haƙoran karte yake shiga, wato tukunyar man da ke ƙarƙashin inji, daidai inda busho yake shiga. In haƙorin ramin ya riga ya cinye, duk abin da ka ɗaura a wurin zai yi lako-lako. Sai an fara gyara ramin: ko dai a sake yanka haƙori mai ɗan girma, ko a dasa zoben haƙori na ƙarfe a ciki, ko kuma, in karten na ƙarfe ne, a kwance shi a wanke a yi masa waldar sabon noti. Kada ka yarda a naɗa zare ko leda ko a shafa gam a ce an gyara. In an sake yanka haƙorin, ka tuna girman ramin ya canza, don haka bawul ɗin da za ka nema na sabon girman ne, ba wanda littafin mota ya ce ba.

Bayan an gyara, a nan ne bawul yake da amfani na gaske. Abin da ke cinye haƙori shi ne yawan kwancewa da ɗaurewa, musamman a hannun yaron mota da ke ganin sai ya taka sufana da ƙafa kafin ya yarda noti ya ɗauru. Mota mai shan gazuwal da ke aiki cikin ƙura, yawanci kowane kilomita 5,000 ake yi mata juye. Zuwa Yamai da dawowa ya haura kilomita 1,300, ka ga sawu huɗu kawai lokacin juye ya yi. Lissafa sau nawa ake taɓa wannan noti a shekara. Shi kuwa bawul sau ɗaya za a ɗaura shi, haƙorin karte ya huta ke nan.

Iri biyu ne aka fi sani. Na farko mai hannu ne, kamar ƙaramin famfon ruwa, wanda kamfanin Fumoto na Japan ya yi suna da shi. Jikinsa tagulla ne, a ciki akwai ƙwallon ƙarfe mai huda. Hannun yana zaune cikin wani tsagi, sifirin na danne shi. Sai ka ɗaga shi daga tsagin sannan ka juya shi kwata, hudar ƙwallon ta daidaita da rami, mai ya zubo. Na biyun ba shi da hannu sam, irin na kamfanin Stahlbus na Jamus. Shi wannan a rufe yake koyaushe, ba ya buɗewa sai ka cire murfinsa ka soka wani kai na musamman mai tiyo, shi ne ke tura abin da ya toshe ramin. Ka zare kan, ya koma ya rufe.

Game da tsoronka na ya buɗe da kansa: girgizar gargada kaɗai ba ta buɗe mai hannu, tunda motsi biyu yake buƙata, ɗagawa da juyawa. Kuma man da ke cikin karte ba a matse yake ba, kwance kawai yake. Matsin yana farawa ne bayan famfon mai ya ja shi ya tura cikin inji. Saboda haka bawul na kirki ba ya fama da wani nauyi da zai sa ya yi yoyo. Abin tsoron daban ne. Busho ɗan kansa kawai ke leƙowa, shi kuwa bawul yana fitowa waje fiye da haka sosai, mai bakin tiyo ma ya fi tsawo. A kan kwaltar Maradi zuwa Damagaram ko Ƙonni wannan ba komai ba ne. Amma kai ka ce kasuwannin ƙauye kake shiga. Hanyar yashi da manyan motoci suka haƙa, tayoyi na cikin kwari tsakiya ta yi tudu, ga kututturen da ciyawa ta rufe, ga karan gero bayan girbi da ke shiga ko'ina a ƙarƙashin mota, ga tsallaka gulbi da damina ba ka ganin abin da ke ƙasan ruwa. Dutse ya bugi kan busho, sai dai ya kankare shi. Ya bugi tagullar da ta leƙo, tana iya karyewa daga wuya. Lita kusan 7 da ke cikin Hilux ba ta daɗewa kafin ta ƙare, kuma direban da ke fama da sitiyari cikin yashi ba lallai ya lura da jar fitilar mai ba sai inji ya buga.

To ga yadda za ka duba. Ka ajiye motar a fili mai daidai, ka kwanta ka kalli bushon. In a gefen karte yake ko yana kallon baya, kuma akwai ƙarfen shasi ko farantin kariya da ya fi shi kusa da ƙasa, sa bawul ɗinka hankali kwance. In kuwa ƙasa yake kallo kuma shi ne abu mafi kusa da ƙasa a wurin, ni ba zan sa mai hannu ba. Ko ka nemi gajeren nan marar hannu mai murfi, ko ka zauna da bushonka ka riƙa canza wosha a kowane juye, ka hana yaron ɗaurin ƙarfi. Woshar nan ta alminiyom ko jan ƙarfe an yi ta ne don ta lotse sau ɗaya ta toshe. Wadda aka maimaita ta riga ta taurare, shi ya sa ake ƙara matsawa don a tsayar da ɗiga, a haka haƙori ke tafiya.

Kamiyo kam, a ganina shi ya fi cancanta da bawul. Babban inji yana ɗaukar mai da yawa, wasu har lita 30 ko fiye, kuma duk wanda ya taɓa kwance bushonsa da zafi ya san yadda man ke fitowa da ƙarfi ya wanke hannu har gwiwa, bushon ya faɗa cikin roba a yi ta lalube. Man inji mai aiki yana kai wa digiri 90 zuwa 100, ba abin wasa ba ne. Da bawul mai bakin tiyo sai ka zura tiyon cikin jarka, in ta cika ka rufe, ka kawo wata. Ga shi kuma karten kamiyo yana sama sosai, gatarin gaba ya fi shi kusa da ƙasa a mafi yawansu. Amma shi ma ka duba, kada ka ɗauka.

Wajen saye, girman haƙori shi ne komai. Ana rubuta shi kamar haka: M12x1.25. Lamba ta farko kaurin notin ne a milimita, ta biyu tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori. Yawancin ƙananan motocin Toyota da Nissan M12x1.25 ne, Mitsubishi da Honda kuma M14x1.5. Matsalar ita ce akwai M12x1.5 da M12x1.75, akwai kuma M14x1.25, kuma da ido ba za ka bambance su ba. Wanda ba nasa ba, yakan shiga zagaye ɗaya ko biyu sannan ya cije, in aka tilasta shi da sufana an kashe ramin. Na kamiyo kuwa kowane inji da nasa, don haka ka cire bushon a auna, ko wanda zai sayo maka daga Kano ko Yamai ya tafi da irinsa a aljihu. Ka guji na jabu marar suna. Ƙarfensa gautsi ne, robar da ke ciki kuma ba ta jure zafin mai, balle a watan Afrilu da Mayu da garin kansa ke haura digiri 40.

Ɗaurawa ba wuya. Ranar juye, bayan man ya tsiyaye, ka goge bakin ramin, ka sa woshar da ta zo da bawul ɗin, ka murɗa da hannu har ya zauna, sannan ka ɗan ƙara da sufana gwargwadon abin da takardarsa ta ce. A jikin bawul ɗin za ka kama, ba a hannunsa ba. Tagulla ba ta son ƙarfi. In ramin a lotse yake cikin karte har bawul ba ya juyawa, akwai ɗan ƙarin wuya da ake sayarwa don haka, sai dai ka san yana ƙara tsawon abin da ya leƙo. Ka zuba mai, ka tayar da inji minti kaɗan, ka duba. Washegari ka sake dubawa. Mai hannu yana da ɗan makulli na roba ko waya da ke hana hannun ɗagawa. Ka sa shi. Ba don gargada kawai ba. Motar da ke kwana a tasha ko bakin kasuwa, duk wanda ya tsuguna yana iya buɗe bawul da yatsa biyu, ko yaro mai wasa ko mai mugun nufi, abin da ba zai iya yi wa busho ba sai da sufana.

Akwai abin da za ka rasa. Ramin bawul ya fi na busho ƙanƙanta, don haka man ya fi daɗewa kafin ya ƙare. Da sanyin hunturu, man inji irin 15W-40 da ya kwana yana yin kauri sosai; ka bar inji ya yi aiki minti 5 zuwa 10 tukuna, ka buɗe murfin zuba mai na sama, sannan ka ba shi lokaci. A wasu motocin kuma wuyan bawul yana ɗan leƙawa cikin karte, sai ɗan mai ya rage a ƙasa. Ragowar ba ta da yawa in ana juye a kan lokaci, ba ta kai abin da ke maƙalewa a sauran sassan inji ba. In bushonka mai maganaɗisu ne da ke kama garin ƙarfe, shi ma ka rasa shi. Kuma in tiyo ya tafi kai tsaye cikin jarka, ba ka ga man da ya fito ba, alhali kallon nan shi ne ke gaya wa makanike lafiyar inji. Don haka ka tari farkon zubowar a kwalba mai haske ka kai rana. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. In yana ƙyalli, ƙarfe na ci. In ya tsinke yana warin gazuwal, a duba injekta. A nan ma bawul ya fi busho: bayan ka tsallaka ruwa da damina, ka bar motar ta kwana, da safe ka ɗan buɗe ka tari rabin kofi. Ruwa ya fi mai nauyi, in ya shiga shi zai fara fitowa. Haka in yaro ya zuba mai ya wuce alamar sandar awo, ka rage ba tare da ka zubar da duka ba.

Filtar mai tana nan yadda take, dole a canza ta da hannu a kowane juye, kuma sauƙin buɗe bawul bai ƙara wa mai ko kilomita ɗaya ba. A ƙurarmu ma filtar iska ta fi komai saurin kashe inji in aka yi sakaci da ita.

Tsohon man kuma, tunda ga shi a jarka, ka rufe ka kai wa masu garaji da ke tarawa. Kada a zuba a kwata ko a rami a bayan gida. A kwarin gulbi ruwa ba shi da nisa, rijiyoyin masu lambu daga nan suke sha. Kada kuma a shafa wa dabba a gyambo ko ƙazuwa kamar yadda wasu ke yi, domin man da ya ƙone a inji yana ɗauke da guba mai cutar da fata. Yaronka ma ya riƙa wanke hannu da sabulu in an gama, ba da fetur ba.