Yawon fatsa a teku: in biya kujeru shida kafin in samu masu zuwa?

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wani ɗan kasuwa mai ofishin sayar da tikitin jirgi da shirya Umara a PZ, Zariya. Ya ce wani abokinsa da ke aiki a wani sansanin masu kamun kifi na nishaɗi a tsibiran Bijagos, ƙasar Gini Bisau, ya yi masa tayin kujeru shida na mako guda, kowace kujera yuro 2,500, kuɗin da ya haɗa masauki, abinci, jirgin ruwa da jagora. Sharaɗin shi ne ya tura rabin kuɗin yanzu a matsayin kafin alƙalami, kuma ba a mayarwa. Yana da ajiyar naira miliyan 13, yana so ya sayar wa masu hali na Zariya, Kaduna da Kano, ya ɗora ribar dubu 500 a kan kowane mutum. Ya tambaya: ya tura?

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka tura kuɗin nan yanzu.

Wurin da abokinka ya ambata wuri ne na gaske, kuma sananne a wajen masu wannan sha'awa. Tsibirai ne 88 a gaɓar Tekun Atilantika, UNESCO ta sa su cikin wuraren da ake kare halittunsu tun 1996. A kusa da tsibirin Rubane aka kama kifin tapon mai nauyin kusan kilo 130 a 2003, wanda ƙungiyar IGFA mai ajiye tarihin manyan kifayen fatsa ta rubuta a matsayin mafi girma a jinsinsa. Turawa, musamman 'yan Faransa, suna biyan kuɗi mai yawa su je can lokacin rani, bayan damina ta ɗauke. Ƙasar tana cikin ECOWAS, ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, sai fasfo da katin allurar shawara. Duk wannan daidai ne. Damuwata tana kan lissafinka da kuma mutanen da kake sa ran za su saya.

Ɗauki biro mu yi tare. A ce yuro ɗaya naira 1,700 ne ranar da za ka tura. Kujera ɗaya ta kama naira miliyan 4 da dubu 250, shida kuma miliyan 25 da rabi. Rabin da ake nema, yuro 7,500, ya zama miliyan 12 da dubu 750. Ka ga ajiyarka ta tafi gaba ɗaya, saura dubu 250, alhali ko mutum ɗaya bai ce maka zai je ba. In Allah ya sa duka shidan suka sayu, ribarka miliyan 3. In huɗu kawai suka sayu, ka ci miliyan 2 a kansu, ka yi asarar miliyan 8 da rabi a kan kujeru biyun da suka tafi ba kowa. Kujerar tafiya ba buhun masara ba ce da za ka jingine a sito ka jira farashi ya tashi. Ranar da jirgin ruwan ya bar gaɓa, kujerar da ba ta sayu ba ta mutu.

Sannan kai naira kake karɓa, yuro kake biya. Gini Bisau da sefa take amfani, sefa kuma a ɗaure take da yuro, don haka ko wane kuɗi aka rubuta maka a takarda, yuro ne a ƙarƙashi. Kai da ke harkar Umara ba sai na tuna maka abin da ya faru bayan watan Yunin 2023 ba, lokacin da aka saki naira: dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024. In yuro ya ƙara naira 100 kacal kafin ka cika ragowar, dubu 750 ta fita daga ribarka. Ban ma sa kuɗin jirgin sama ba. Babu jirgi kai tsaye daga Kano zuwa Bisau, sai an bi ta Abuja ko Legas, a canza a Lome ko Dakar, wani lokaci a kwana a hanya, sannan a shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin. Kafin mutum ya jefa ƙugiya sau ɗaya, abin da ya kashe ya kai na Umara mai kyau.

A nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani sosai. Wane ne zai saya? Mutuminmu ya san kamun kifi a matsayin sana'a: Sarkawa, koma, gora, kifin da ake kawowa kasuwar Sabon Gari. A waɗannan sansanoni kuwa, babban kifi irin tapon ana ɗaukar hotonsa ne a cire ƙugiya a mayar da shi ruwa. Na taɓa bin wasu baƙi cikin ƙaramin jirgi daga Legas, muka wuce Takwa Be muka shiga teku. Wani Alhaji daga cikinmu, mutum mai ƙarfi, tun kafin awa guda jiri ya kwantar da shi a ƙasan jirgi, ya rufe fuska da hula, yana amai, yana roƙon a koma. Wani kuma ya shafe fiye da minti talatin yana ja da kifi, tafin hannunsa ya yi ja, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Da jagoran ya saki kifin ya koma ruwa, ya daɗe yana kallon wurin bai ce uffan ba, daga baya ya tambaye ni a hankali ko haka ake yi kullum. Na ji tausayinsa, domin ba wanda ya gaya masa tun a gida. Wanda ka karɓi miliyoyinsa ba ka faɗa masa wannan ba, ba zai sake sayen ko tikitin Jidda a hannunka ba, kuma sunanka shi ne babban jarinka a Zariya. Haka batun yankan naman da za su ci, wurin salla, da giyar da ake sha a irin waɗannan masaukai. Ka tambaya tun yanzu, ka faɗa wa mutane gaskiya.

Ga abin da zan yi da ni ne. In ce wa abokin nan ni dillali ne, ba mai saye ba. Sansanin ya rubuto mini takarda da sunansa, ba da sunan ma'aikacinsa ba, cewa duk wanda na kawo ina da la'ada kaza cikin ɗari. Mai tafiya ya biya kafin alƙalaminsa da kansa, farashi a rubuce da yuro, a canza ranar biya. Kuɗi ya shiga asusun kamfani, kada ya shiga na mutum, ko da ɗan uwanka ne. Takardar ta fayyace abin da zai faru in iska ta hana fita teku, ko jirgin sama ya soke tashi, ko siyasar ƙasar ta rikice, domin Gini Bisau ta sha juyin mulki. Ta kuma faɗi yadda ake fitar da mara lafiya daga tsibiri, da inshorar da ke biya. In suka ƙi wannan tsari suka nace sai ka tura rabin kuɗi, to suna so ne ka ɗauki haɗarin da su ba sa son ɗauka. Ba a cinikin biri a sama.

Kafin duk wannan, gwada kasuwar a gida da kuɗi kaɗan. Madatsar ruwan Tiga ba ta da nisa daga hanyar Zariya zuwa Kano. Ka yi magana da sarkin ruwa da masuntan wurin, ka ɗauki hayar kwalekwale mai inji, ka sayi rigunan kariya daga nutsewa, kowa ya sa tasa, kada a cika jirgi. Mutum takwas, fita bayan Asuba, fatsa da ƙugiya, a gasa abin da aka kama a bakin ruwa, a dawo kafin Magariba. In kuma lokacin bikin kamun kifi na Argungu ya zo, wanda ake yi tun 1934, ka shirya mota da masauki ka kai mutane. A irin wannan fitar za ka gane waɗanda ke son zama cikin jirgi awa biyar suna jiran kifi, da waɗanda hoto kawai ya kawo su.

Ka rubuta sunayen waɗanda suka dawo karo na biyu da na uku da kuɗinsu. In sun kai shida, kai ka fara zuwa Bijagos kai kaɗai, da kuɗin kujera ɗaya, ka kwana a ɗakin, ka ci abincin, ka shiga jirgin. Ka rubuto mini abin da ka gani da farashin tikitin wannan lokacin, mu sake lissafin tare.