Kada ka jira sai ka iso Ingila kafin a duba hancin nan

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce wata bakwai ke nan hancinka a toshe, maƙogwaro na ƙaiƙayi, kullum kana gyaran murya, kuma tunda a Satumba za ka zo karatu, gara ka bari sai ka iso a yi maka binciken gaba ɗaya. Ni dai ban ba ka wannan shawarar ba.

A nan ba ka tashi kai tsaye ka tafi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Sai ka yi rajista da likitan unguwa, wanda ake kira GP, shi zai fara ganinka, in ya ga da buƙata ya tura ka gaba. A ƙa'idar NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnati a nan, bai kamata jiran ya wuce mako 18 ba, amma ni sai da na haura haka. Kai da ka zo da karatu a gabanka, ga sanyi, ga baƙunta, ina za ka kai wannan jiran?

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne maganin feshin da ka ce ba ka iya barci sai da shi. Duba jikin kwalbar. In ka ga xylometazoline ko oxymetazoline, to ba a wuce mako guda ana amfani da irinsa. In aka zarce, shi da kansa yake kumbura cikin hanci, ka fesa ya buɗe, bayan 'yan awoyi ya toshe fiye da da. Na yi wannan wautar kusan shekara, kwalba ɗaya a aljihu, ɗaya ƙarƙashin matashi. Ranar da na faɗa wa likita, kai kawai ta girgiza, ta sauya mini da feshin steroid da ruwan gishiri na wanke hanci. Makon farko da baki nake numfashi, sai wajen mako na uku na fara jin iska.

Toshewar da ta wuce mako 12 ta fi ƙarfin mura. Tana iya zama alaji na ƙura ko fumfuna, ko kumburin kogunan hanci, ko tsiro a ciki, ko karkacewar guringuntsin tsakiya. Maƙogwaron kuwa sau da yawa majina ce ke gangarowa ta baya, wani lokaci kuma ruwan tsamin ciki ne ke tasowa ko da mutum ba ya jin ƙwannafi. Nawa alaji ne. An ɗiɗɗiga mini ruwaye a hannu aka ɗan tsattsaga fatar, cikin minti 15 wurin ƙwayoyin ƙurar katifa ya kumbura.

Saboda haka ka ga likita tun yanzu, a leƙa hancin da siririyar kyamara in akwai. Ka riƙa rubuta lokacin da abin ke tsananta, da dare ne, bayan cin abinci ne, ko in ka kakkaɓe shimfiɗa. Ka taho da sakamakon gwaji da sunayen magungunan da ka sha, domin ganin GP yawanci minti 10 ne, ba a samun damar dogon labari.

In kuwa ɓangare ɗaya ne kawai ke toshewa, ko kana ganin jini, ko muryarka ta dushe sama da mako 3, ko haɗiya na yi maka wuya, to wannan makon za ka je asibiti. Allah ya ƙara sauƙi, ka sanar da ni abin da likitan ya ce.