Kai da ko kaza ba ka taɓa yankawa ba

Ɗana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ta kunna mini shi har sau biyu. Wai abokanka za su fita farauta ranar Asabar a kan babura, kana tambaya ko dole ne sai an sanar da Sarkin Dawa, kuma me ya sa tsofaffi ke cewa ba a farauta da damina. Na yi dariya har na ƙware da goro. Kai da ko kaza sai an kira maƙwabci ya yanka muku? Amma da na kwanta, barci ƙin zuwa ya yi.

Fitata ta farko ina ɗan shekara 14, a 1974, shekarar da aka gama madatsar ruwa ta Tiga. An gama kaka, hunturu bai saki gari ba. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya damƙa mini igiyar karensa, ya ce aikina ke nan. Tun asuba muka taru a bakin Ƙofar Na'isa, gangi na tashi, 'yan tauri na kirari suna goga wuƙa a ciki, kowa da warki da layu. Babbar mota ta kwashe mu, mutum da kare a cakuɗe, sai wajejen Tudun Wada.

Muna sauka na zaci gudu za a fara. Ina! Zama muka yi a gindin ɗorawa har rana ta ɗaga, sai ga wani ɗan tsamurmurin tsoho da baka a kafaɗa. Sarkin Dawa ke nan, shugaban mafarauta. Manyan ƙattin nan duk suka durƙusa. Aka ba shi goro, ya nuna da haɓa: kada a tsallake rafin can, Fulani sun sauka da shanu, kada a doshi kudu, Falgore gandun gwamnati ne. Sannan aka busa ƙaho.

Wajen azahar zomo ya tashi daga gindin sabara, kusan ta tsakanin ƙafafuna. Na saki igiya, na wurga gora, wallahi ban san yadda aka yi ta same shi ba. Kafin in kai hannu wani ƙato daga wata unguwa ya take shi da ƙafa, ya zare adda yana huci. Ƙwace a dawa ba baƙon abu ba ne, a kansa ake sare-sare. Na fashe da kuka. Tsohon nan ya ƙaraso bai ɗaga murya ba, ya karɓi gorata, ya duba gashin da ya maƙale a kanta, ya ce, "Ba yaro abinsa." Ƙaton ya janye ƙafa. Na rataya zomona ina ta washe baki, Kawu ya ce in rage, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Batun damina kuwa, Kawu cewa yake, wanda ya kashe gada da ciki ya cinye naman baɗi. Ga gonakin mutane, ga ciyawa ta rufe maciji. Masunta ma haka suke, ba a faɗa wa tafki sai Sarkin Ruwa ya buɗe. Yanzu fa? Da gidan sauro ake kwashe 'ya'yan tarwaɗa da ƙarfasa, wasu har maganin ƙwari suke zubawa a ruwa. Barewar da muke gani da ido, ku sai kun biya kuɗin shiga gidan zu na Audu Bako. Mu ma ba mu fita daga laifi ba, mun cinna wa daji wuta don gafiya ɗaya, ina tunawa ina jin kunya.

Su abokan naka, wa ke gabansu? Dajin yau ba zomo kaɗai ke kwana a cikinsa ba, ka sani. Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko, gorar tana nan bayan ƙyaure, in ga ko za ka iya jifan gwangwani da ita. Mahaifiyarka ta san da maganar nan kuwa?