Su wa ke zama juri a kotun Amurka, kuma yaya ake zaɓen su?

Malam, ka tambaya ko mutanen da ke zama gefen alƙali a kotun Amurka lauyoyi ne. A'a, su ne juri, masu sauraron shari'a su yanke ko wanda ake tuhuma ya yi laifi, kuma mutanen gari ne: direba, malamar makaranta, mai shago. Ana zaƙulo sunayensu ta ƙuri'a daga rajistar masu zaɓe da ta lasisin tuƙi, a aika musu sammaci.

Wurin tantancewa ake fafatawa. Alƙali da lauyoyi za su yi ta yi musu tambayoyi, duk wanda ya san wanda ake tuhuma ko ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa a sallame shi. Kowane ɓangare kuma yana da 'yan mutanen da zai kora ba tare da faɗin dalili ba, amma tun 1986 Kotun Ƙoli ta hana a yi hakan saboda launin fata. A ganina, gane wannan niyya wuya gare shi.

A shari'ar laifi a kotun tarayya mutum 12 ne, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya kafin a yanke hukunci. Ingila tana karɓar 10 cikin 12. A Najeriya kuwa alƙali ne kaɗai ke yanke hukunci.