Tagulla da hannun mabushi: amsa ga yarona

Ɗana, na ji tambayar da ka yi mini ranar Alhamis da dare bayan mun tashi daga busa a ƙofar fada, kuma ban amsa ta a tsaye ba domin magana ce mai bukatar zama. Ka ce tun bayan hawan Sallah tafin hannunka na hagu yakan yi kore idan ka ajiye kakaki, daga baya gefen yatsunka ya soma ƙaiƙayi har ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso, kuma abin ya ƙaru tun da ka fara zuwa koyon ƙahon Turawa wurin 'yan badujala. Wasu sun gaya maka dafin tagulla ne yake shiga jininka, wasu sun ce hannu aka sa maka, har kana tunanin barin busa. Kada ka bari. Abin da ka kwatanta mini ba ciwo ɗaya ba ne, abubuwa ne daban-daban suka taru a hannu guda, kuma ana rarrabe su ta hanyar lura da inda suke fitowa da lokacin da suke fitowa.

Koren nan shi ne mafi sauƙi, ko da yake shi ya fi ba ka tsoro. Tagullar da ake ƙera ƙaho da ita haɗi ce ta jan ƙarfe da tutiya, kuma a rawayar da aka fi amfani da ita jan ƙarfe yana kai kashi 70 cikin 100, tutiya kuma 30. Gumin mutum yana da gishiri da ɗan tsami, saboda haka idan ya daɗe a kan tagulla sai ya narkar da ɗan abin da ke samanta, shi ne koren da kake gani. Irinsa ne yake fitowa a wuyan hannun tsofaffin mata masu sa munduwar tagulla, kuma ruwa da sabulu suna wanke shi. A wannan lamari kakakin ne yake cutuwa, domin gumin da aka bari ya kwana a jikinsa yana cin ƙarfen a hankali har wurin riƙo ya yi ramuka. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi yake wuce digiri 40, ban yarda yarona ya mayar da kakaki ma'ajiyarsa ba sai ya goge shi da busasshen ƙyalle.

Akwai kuma kaushi da tsagewar fata, wanda sau da yawa daga wankin ƙahon yake zuwa. Ina yaro, a jajibirin wata Sallah da ta faɗo cikin hunturu, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ba ni kakaki uku in goge da toka da lemun tsami. Na wuni ina dirza da hannu tsirara domin ina son su yi ƙyalli a idon jama'a, kuma kafin magariba kan yatsuna ya tsattsage, lemun yana shiga yana yi mini raɗaɗi. Toka tana cinye maiƙon fata, haka ma man goge ƙarfe na gwangwani, mai warin da ke hawa ka. Alamar wannan ita ce zafi da raɗaɗi tun kana cikin aikin, kuma kowa aka sa shi zai same shi. Maganinsa safar hannu ta roba lokacin gugar, da man kaɗanya ko basilin bayan an wanke hannu an tsane shi.

Ƙurajen masu ruwa da ƙaiƙayi su ne suka fi damuna, kuma zatona ya fi ƙarfi a kan ƙahon Turawan. Ka dubi wanda suke ba ka da kyau. Jikinsa rawaya ne, amma a kewayen madannan nan uku, da bakin bututun da ake ja, da zoben da kake sa yatsa, za ka ga wani farin ƙarfe mai kama da azurfa. A yawancin ƙahonin ba azurfa ba ce, haɗi ne na jan ƙarfe da tutiya da wani ƙarfe da ake kira nikel, kuma a cikin ƙarafa duka nikel ne ya fi yawan sa fatar mutane ta yi bore. Sabon ƙaho yana zuwa da wani siririn shafe mai sheƙi da yake raba hannu da ƙarfe, amma ƙahonin da suke zagayawa hannu zuwa hannu shekara da shekaru shafensu ya riga ya goge, kuma daidai wurin riƙo yake fara gogewa. Hannun hagu ne yake rungumar gidan madannan tun daga farkon busa har ƙarshenta yana gumi, don haka ba mamaki shi ne ya kamu, na dama kuwa yana lafiya.

Halin wannan ciwo shi ne ba ya nuna kansa nan take. Sai ka yi busa yau, ka kwana lafiya, gobe ko jibi ko gata ƙaiƙayin ya taso, lokacin da ka riga ka manta da ƙahon kana zargin abin da ka ci ko wanda ka gaisa da shi. Wannan jinkiri ne yake sa mutane su ce sammu ne. Kuma mutum yana iya shekaru yana taɓa ƙarfen ba abin da ya same shi, rana ɗaya jikinsa ya ƙi shi, idan kuwa ya ƙi shi to da wuya ya sake karɓarsa. Ina gaya maka wannan ne domin kada ka ce za ka daure har hannun ya saba. Kanta ce take zuwa da sabo, kuma kanta adon mai sana'a ce, amma wannan ƙara taɓawa ƙara tsananta shi yake yi, har fatar ta yi kauri ta yi duhu ta riƙa tsagewa.

Ga yadda za mu gane. Ka ajiye ƙahon Turawa mako biyu ko uku, ka ci gaba da kakaki kamar yadda ka saba. Idan ƙurajen suka bushe, sannan ka koma suka dawo bayan kwana ɗaya ko biyu a wurin da suka saba fitowa, to mun kama ɓarawon. Ka kuma duba ƙarƙashin agogonka, da ƙasan cibiyarka inda kan bel ko maɓallin wando yake taɓa fata, domin mai wannan lalura yakan sami tabo mai ƙaiƙayi a can. Har farar tsabar kuɗin sefa ta dala goma da dala ashirin akwai nikel a jikinta, kada ka riƙa dunƙule ta a hannu mai gumi.

Idan ta tabbata, aikinmu shi ne mu sa shamaki tsakanin fatarka da ƙarfen. Dukawa za su ɗinka maka riga ta fata da za ta rufe gidan madannan, amma ka ce musu lallai ta zama fatar da majema suka jeme da bagaruwa, irin ta jar akuyarmu ta Maradi, domin yawancin fatar masana'anta da sinadarin kurom ake jeme ta, shi ma kuwa yana tayar wa wasu da irin wannan ƙaiƙayi. A sa mata shafi na ƙyallen auduga daga ciki, kuma a yi ta da maɗauri yadda za ka riƙa kwance ta tana shan iska, saboda fatar da ta jiƙe da gumi aka bar ta a ɗaure tana ɓata ƙahon. Farar safar hannu ta auduga ita ma tana aiki, muddin kana da biyu ko uku kana canzawa idan ta jiƙe. Ka duba bakin busar ma, idan farin shafensa ya goge rawaya ta bayyana, a sake shi tun kafin leɓe ya kamu, domin mabushin da leɓensa ya yi ciwo ya zauna ke nan.

Ƙurajen da suke hannunka yanzu kada ka fasa su, kada ka sa musu kanwa ko toka, kuma ka nisanci man shafawar nan na bilicin da ake sayarwa a kasuwa. Da yawansu suna ɗauke da magani mai ƙarfi da yake kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, sai mutum ya zarce da shafawa wata da watanni har fatarsa ta yi sirara. Likita yana ba da ɗan'uwan wannan maganin, amma da awo da adadin kwanaki. Likitocin fata suna da gwajin da suke liƙa ƙananan filasta a bayan mutum, kowace da abin da ake zargi, a cire bayan awa 48, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Idan ka ga mugunya, ko hannun ya kumbura ya yi zafi, ko kaluluwa ta fito a hammata, ko zazzaɓi ya rufe ka, to ranar nan za ka tafi asibiti. Idan ƙaiƙayin tsakanin yatsu yake, ya fi tashi da dare, kuma 'yan ɗakinku su ma suna susa, wannan ƙazuwa ce, ba ruwan ƙaho, kuma gida duka ake yi wa magani. Tabon da ya yi haske kuma ba ya jin taɓi, wannan kuwa asibitin Danja da ke kusa da Maradi za mu nufa da shi ba tare da jira ba, domin sun daɗe suna aikin fata a can.

Kakakin namu da dalma maƙera suke like gaɓoɓinsa, saboda haka ko hannunka lafiya lau yake, ka wanke shi da sabulu kafin ka sa shi a kwanon tuwo. Ranar Alhamis ka zo da wuri, bayan la'asar, ka roƙi shugabanku na badujala ya ba ka aron ƙahon ka taho da shi. Ina so ka riƙe shi a gabana yadda ka saba riƙewa, in ga inda ƙarfen yake kwanciya a yatsunka, daga nan mu wuce wurin baduku ya auna.